Damagaram: Wa Zai Auna Maganar Mai Cewa "Ubangiji Ya Ce Mini"?

A shekarar 1924, saura shekara biyu Faransawa su ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram su mayar Yamai, Turawan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, suka buɗe tasharsu ta farko a ƙasar Nijar a birnin Zinder, wato Damagaram ɗin. Abin da suka zo da shi bai wuce littafi da magani da haƙuri ba. Babu taron warkarwa, babu mai faɗuwa ƙasa, babu mai kiran kansa annabi. Yau, bayan shekara ɗari, jikokin waɗanda suka fara sauraren Turawan nan suna zaune a ƙofar gida da waya a hannu, suna kallon wani fasto a Legas ko Abuja yana kiran sunan ƙauyen mutum da cutar da ke cin sa, yana cewa Allah ne ya sanar da shi.

Wannan ya farfaɗo da wata tsohuwar gardama a tsakanin Kiristocin garin, waɗanda ba su da yawa ko kaɗan, domin ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Gardamar ita ce: abubuwan da Sabon Alkawari ya kira baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, wato annabci da warkarwa da magana da harsuna da fitar da aljanu, suna nan har gobe, ko kuwa sun tafi tare da manzannin farko? Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Ya san yadda ake kai ruwa rana tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan karamar waliyyai, da mafarki, da rubutun sha. Ba abu ɗaya ba ne, amma zafin gardamar da yadda take raba wa da ƙani duk iri ɗaya ne.

Lahadi biyu a gari ɗaya

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un da suka samo asali daga aikin SIM zai tarar da komai a tsare. Maza a gefe, mata a gefe, 'yan zumuntar mata da ankonsu, waƙa daga Littafin Waƙoƙi, karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Idan lokacin sanarwa ya yi, magatakarda ya karanta sunayen marasa lafiya, sai a ce wani dattijo ya yi musu addu'a. Dattijon ya tashi a hankali, ya cire hula, ya roƙi sauƙi ga wance da ke kwance, ya roƙa wa masu jinya ƙarfi, ya roƙa wa likitoci basira. Kafin ya ce amin, sai ya ƙara da cewa, in nufinka ne, ya Ubangiji. Bayan an tashi, dattawa biyu ko uku su wuce gidan mara lafiyar, su sake yin addu'a, su ajiye ɗan abin da ikilisiya ta tara don sayen maganin da aka rubuta.

A wata unguwar kuma, ƙarƙashin rufin kwano, ga lasifika, ga injin wuta yana ruri. Fasto yana wa'azi da Faransanci, tafinta yana bin sa da Hausa, har muryoyinsu suna hawa kan juna. Idan aka ce a yi addu'a, kowa ya ɗaga murya lokaci guda, wasu suna kai da komo, wasu suna furta kalmomin da ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ba kuma Barbarci ba. Can sai fasto ya ɗaga hannu a yi tsit. "Akwai wata mata a nan," in ji shi, "shekara da shekaru kina neman haihuwa. Ubangiji ya ce mini kukanki ya ƙare." Sai ka ji an amsa daga baya: "Amin! Na karɓa!" A nan ba a cewa in nufinka ne. Umarni ake ba cuta ta fita cikin sunan Yesu, domin a wurinsu nufin Allah sananne ne tun tuni, kuma lafiya ce.

Duk ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke riƙe da shi. Sau da yawa ma 'yan gida ɗaya ne: uba yana can, 'yarsa tana nan, ko kuma matar da ke zumuntar mata ranar Lahadi ita ce za ka gani a addu'ar dare ta wata majami'ar idan ciwon ɗanta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abin da nassi ya ce, da abin da bai ce ba

Tushen maganar yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, daga sura 12 zuwa 14. A can ya lissafa baye-baye tara, har da warkarwa da mu'ujizai da annabci da rarrabe ruhohi da harsuna da fassararsu. A sura 13 kuma ya nuna cewa annabci da harsuna na ɗan lokaci ne, za su shuɗe idan cikakken abu ya iso. To, mene ne cikakken abin? A nan hanya ta rabu.

Masu cewa baye-bayen sun tsaya suna ganin aikin alamun nan shi ne tabbatar da manzanni da saƙonsu, kuma da aka gama rubuta Littafi Mai Tsarki buƙatar ta ƙare. Suna kafa hujja da Afisawa sura 2, inda aka kwatanta manzanni da annabawa da harsashin gini, su ce ai harsashi sau ɗaya ake zuba shi. Suna kuma tunatarwa cewa Bulus ɗin da ya warkar da mutane, shi ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon ciki. Babban tsoronsu shi ne, in aka buɗe ƙofar sabon wahayi, kowa zai iya ƙara wa littafin Allah abin da ya ga dama.

Masu cewa baye-bayen suna nan kuwa sun ce a karanta sura 13 ɗin nan har ƙarshe: Bulus yana maganar ranar da za a ga Allah ido da ido ne, wato dawowar Almasihu, kuma ranar ba ta zo ba tukuna. Suna nuna huɗubar Bitrus ta ranar Fentikos a Ayyukan Manzanni sura 2, da Agabas wanda ya yi faɗin yunwa tun ba ta zo ba, da 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci, alhali tsakanin Agabas da 'ya'yan Filibus babu wanda ya rubuta ko aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki. Malamin tauhidi Ba'amurke Wayne Grudem ya gina littafinsa na 1988 a kan wannan: annabcin ikilisiya bai kai matsayin nassi ba, mutum ne ke faɗin abin da yake jin Allah ya sa masa a zuciya, yana iya kuskure, shi ya sa dole a auna.

In za a faɗi gaskiya, babu ayar da ta fito fili ta ce ranar kaza baye-baye za su tsaya. Masu wannan ra'ayi harhaɗa hujjarsu suka yi daga nan da can. Sai dai su ma ɗaya ɓangaren akwai ayoyin da ba sa son a daɗe a kansu. A sura 14 ta Korintiyawa Bulus ya ƙayyade masu magana da harsuna ga mutum biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da mai fassara, in babu a yi shiru. Masu annabci ma biyu ko uku, sauran jama'a su auna. Har ya yi gargaɗin cewa baƙo in ya shigo ya tarar kowa yana ta harsuna, zai ɗauka taron mahaukata ne. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da majami'ar da ke addu'ar dare da lasifika ya san ba a cika aiki da wannan sura ba.

Gardamar ta girmi kowa. A ƙarni na biyu wani Montanus ya tashi a yankin Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, da annabawa mata biyu, shugabannin ikilisiya suka yi watsi da su, amma Tertullian na Kartaj ya goya musu baya. Yahaya Kirisostom a ƙarni na huɗu ya ce abubuwan nan sun daina faruwa. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, da fari ya karkata can, daga baya cikin tsufansa ya zauna yana rubuta labaran warkarwar da aka yi a garinsa. A zamanin nan, B. B. Warfield na Princeton ya fitar da littafin da masu cewa an rufe ƙofa suka fi dogara da shi a 1918, shekara 12 bayan farkawar titin Azusa a Los Anjalas ta 1906, wadda ta yaɗa ɗariƙar Fentikos a duniya. Katolika ma iskar ta kaɗa su daga 1967. Yau ana ƙiyasta masu wannan salon ibada sun haura miliyan 600. In da yawa ne ke yanke hukunci, da an daɗe da tashi daga zaman.

Gadon da SIM ta bari

Don a fahimci dattijon nan mai cewa in nufinka ne, sai an koma ga Rowland Bingham, wanda ya kafa SIM. Ya sauka Legas a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent da niyyar shiga ƙasar Hausa. Shekara ba ta zagayo da kyau ba abokan nasa biyu suka rasu, shi kuma zazzaɓi ya kore shi gida. A zamaninsa koyarwar warkarwa ta bangaskiya ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, har akwai 'yan mishan da suka mutu a Saliyo a 1890 saboda sun ƙi shan magani, suna jiran Allah ya warkar da su kai tsaye. A 1921, shekara uku kafin a buɗe tashar Zinder, Bingham ya wallafa littafi mai suna The Bible and the Body, inda ya ƙalubalanci masu cewa lafiyar jiki haƙƙi ce tabbatacciya ga kowane mai bi. Bai musa cewa Allah yana warkarwa ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da warkarwa dole, a kuma ɗora wa mara lafiya laifin ƙarancin bangaskiya.

Wannan tunani ne ya bi aikin mishan daga Zinder zuwa Tsibiri ta Gobir, zuwa Dungas, ya kai ga asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da wurin jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi. Allura da addu'a suka tafi tare. Ikilisiyar EERN, wadda ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 'yancin kai, a cikin wannan tarbiyya ta tashi, kamar yadda ECWA ta tashi a Najeriya. Malama Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta rubuta littafi a 2006 kan Kiristocin bishara na yankin Maraɗi, ta bi diddigin wannan tafiya dalla-dalla.

Amma kuskure ne a ɗauka tsofaffin nan ba su yarda da ikon Allah na yau da gobe ba. Ka zauna da tsohuwa 'yar zumunta, za ta ba ka labarin mafarkin da ya sa mijinta ya bi Almasihu, ko yaron da aka fid da rai da shi ya tashi bayan an kwana ana addu'a. Ba ta kiran wannan baiwa, ba ta kiran kowa annabi, cewa take Allah ya ji kukanmu. A Damagaram da wuya ka sami Kirista, balle Musulmi, da zai ce Allah ya daina magana ta mafarki ko ya daina warkarwa. Ra'ayin Warfield tsantsarsa, irin wanda John MacArthur ya tara dubban mutane a kansa a Kaliforniya a 2013, bai taɓa yin saiwa a nan ba. Abin da ake ja a kai ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka zafi: wa ke da ikon cewa ga abin da Allah ya ce, kuma wa zai tambaye shi?

Ƙofar da ta buɗe a 1991

Babban taron ƙasa na 1991 ya sakar wa ƙungiyoyi mara. Ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, na Kirista ma haka. Daga Burkina Faso 'yan Assemblées de Dieu suka ƙara shigowa. Daga kudu kuma, iskar da ta daɗe tana kaɗawa a Najeriya tun zamanin Joseph Ayo Babalola a 1930, ta kuma yi ƙarfi da Benson Idahosa na birnin Benin, ta tsallako iyaka tare da 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai. Tsakanin Damagaram da Kano tafiyar yini ba ta cika ba, ta Matamai ko ta Magarya, kuma duk abin da ya yi tashe a can, kaset ne ko waƙa ko salon wa'azi, ba ya daɗewa sai ya iso. Daga baya tauraron ɗan'adam ya kawo Emmanuel TV ta T. B. Joshua har cikin ɗakuna, kuma ba Kiristoci kaɗai ke kallo ba.

A daidai wannan lokaci tsohuwar ikilisiyar ma ta dare, aka sami wasu rassa da sunaye dabam. Matasa da yawa suka ga gidan iyayensu ya yi sanyi, ga rikicin shugabanci, ga wa'azin da ba ya taɓa abin da ke hana su barci: rashin aiki, auren da ya ƙi yiwuwa, tsoron sammu.

Wannan batu na sammu da iskoki shi ne inda sababbin majami'un suka fi cin kasuwa, kuma ya kamata a yi musu adalci a kai. Bature ɗan mishan yakan ɗauki maganar iskoki a matsayin camfi da ilimi zai kawar. Bahaushe kuwa, ko ya shiga coci, bai daina jin tsoron abin da ke cikin kukar bayan gari ba. In 'yarsa ta fara faɗuwa tana sambatu, ya je wurin fasto a ce masa a kai ta asibiti kawai, to da dare zai lallaɓa wurin boka ko mai ruƙiyya. 'Yan Fentikos suka zo suka ce iskokin nan gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi su, kawo ta nan. Sun amsa tambayar da mutane ke yi da gaske.

Sai dai daidai nan ne kuma dattawa suka fi ja da baya. Wasunsu iyayensu daga gidan bori suka fito, sun ga hawan iska da idonsu tun suna yara. Irin musayar da ake yi a tsakar gida ke nan. Saurayi ya ce, "Baba, ai Ruhu ne ya sauko mata, ba ka ga yadda ta faɗi ba?" Tsoho ya girgiza kai: "Ɗana, ni na ga faɗuwa tun ba a haifi uwarka ba. Garaya kawai na ga babu." Saurayin yana da amsa, cewa jabu ba ya hana a yi na gaske. Tsohon ma yana da tasa, cewa sai a nuna masa yadda ake rarrabewa. Wannan tambaya ta tsoho ba ta tsufa ba ce. Rarrabe ruhohi yana cikin baye-baye taran nan, shi ne kuma wanda ba ka cika jin wani yana tutiya da shi ba.

Nauyin sunan annabi a ƙasar Tanimu

A Legas ko Akara mutum na iya buga hotonsa a allo ya rubuta annabi wane, babu mai waiwaye. Damagaram ba haka take ba. Gari ne na sarauta da malanta tun kafin zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, kuma kowane yaro ya tashi da sanin cewa Annabi Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa. Abin da Kirista ɗan Fentikos ke nufi da annabi, wato mai kawo saƙon ƙarfafawa ko gargaɗi ga ikilisiya, ba shi maƙwabcinsa ke ji ba. Ƙasar Hausa kuma ba ta manta da Maitatsine ba, wanda aka ce ya yi da'awar annabta, rikicinsa ya ci dubban rayuka a Kano a Disambar 1980. Ba ta manta da Oktoban 1991 ba, lokacin da shirin taron mu'ujizai na Bajamushe Reinhard Bonnke ya tayar da tarzoma a Kano. Shi ya sa fastocin da suka san gari, ko da sun yarda da annabci, sukan tsaya a kan bawan Allah ko fasto.

Tarihin kusa ma ya isa darasi. A Nuwambar 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai wa majami'ar Vie Abondante hari, wadda ta yi suna da wa'azin rediyo da Hausa. A Satumbar 2012 aka farfasa cocin Katolika na Zinder saboda wani fim da aka yi a Amurka. Sai ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci, kwana biyar da halartar Shugaba Mahamadou Issoufou gangamin Paris. Daga Zinder wutar ta tashi, washegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasu a ƙasar, rabinsu a Zinder, aka ƙona majami'u da dama da cibiyar al'adun Faransa, iyalai suka kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da annabcin wani fasto na garin ya jawo, kuma babu abin da zai halatta ƙona ɗakin ibada. Amma masu ƙone-ƙonen ba su tsaya tambayar wace majami'a ce ke magana da harsuna, wace ce ba ta yi ba. Katolika da EERN da 'yan Fentikos toka ɗaya suka share. Tun daga ranar kowane Kirista a Damagaram ya san wake ɗaya ke ɓata gari: in wani baƙon mai wa'azi ya zo ya yi kwana uku, ya saki baki a lasifika, ya hau mota ya koma, waɗanda kakanninsu ke kwance a ƙasar nan su za su zauna da abin da ya bari.

Inda ake cutar talaka

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da hayaƙi. Mace ta zo da yaro mai zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, da jaka biyar ɗaure a bakin zane, kuɗin da bai fi na gwaji da magani ba. A ce mata ta shuka iri na bangaskiya, ta ajiye kuɗin a gaban bagade, ta koma da man shafawa a kwalba. In yaron ya tashi, a kira ta gaba ta ba da shaida. In bai tashi ba, ba mai kiran ta, sai ma a raɗa cewa bangaskiyarta ce ta gaza, ko wata tsohuwa a dangi ce ta kama shi. Ta yi asarar ɗa, ta yi asarar kuɗi, ta kuma koma gida tana hararar uwar mijinta. Ba kowace majami'ar Fentikos ke haka ba, da yawansu ma su ne kan gaba wajen tura mutane asibiti. Amma inda babu mai tambayar fasto, babu abin da zai hana.

Duniya ta ga inda abin ke kaiwa. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa. T. B. Joshua ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka na 2016, ba ta ci ba, kuma bayan rasuwarsa a 2021 binciken BBC na 2024 ya fito da zarge-zargen cin zarafi masu nauyi daga bakin tsofaffin almajiransa. A 2020 masu annabci da dama a Amurka suka ce Donald Trump zai zarce. Da abin bai yiwu ba, 'yan kaɗan suka nemi gafara, har wasu shugabannin wannan ɗariƙa suka fitar da takardar ƙa'idojin annabci a 2021. Abin lura shi ne, waɗanda suka yarda baiwar tana nan su suka rubuta ta.

Gwamnatoci sun gwada nasu. Ruwanda ta rufe dubban majami'u a 2018, ta kuma wajabta wa masu wa'azi karatun tauhidi. Nijar ta yi dokar tsara harkokin ibada a Yunin 2019, a watan da aka ƙona wata majami'ar Assemblées de Dieu a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki dokar. Hukuma na iya duba takardar fili da ƙarar lasifika, amma ba aikin kwamishina ba ne ya gane ko mafarkin wani daga Allah yake.

Ma'aunin yana hannun ikilisiya, kuma ba sabo ba ne. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta ce a duba ko abin da aka faɗa ya cika. Bisharar Matiyu sura 7 ta ce a duba halin mutum, domin yin mu'ujiza ba shaidar kirki ba ce. Wasiƙar fari zuwa ga Tasalonikawa ta haɗa biyun wuri ɗaya: kada a raina annabci, amma a gwada kome. Wani ɗan littafin koyarwa na Kiristocin farko, Didake, ya ma sauƙaƙa abin: baƙon da ya zo da sunan manzo, in ya zarce kwana biyu yana ci a gidan mutane, ko ya nemi kuɗi, a san na ƙarya ne. Da za a ɗora wannan ma'auni a yau, da bidiyoyi da yawa sun ragu a wayoyin mutane.

A ganina, masu cewa ƙofa ta rufe tun zamanin manzanni ba su da ayar da za ta ɗauki nauyin maganarsu, kuma ba za su rinjayi uwar da ta ga ɗanta ya tashi ba. Dattawan tsofaffin majami'u, in suka ci gaba da amsa kowace tambaya ta matasa da "ba haka muka tarar ba", za su wayi gari su kaɗai a kan benci. Ya kamata su buɗe Korintiyawa ta fari sura 12 zuwa 14 su koyar da ita gaba ɗayanta, su kuma daina jin kunyar yi wa mai fama da iskoki addu'a a fili.

Su kuma masu cewa baiwar tana nan, nauyin da ke kansu ya fi yawa, tunda su ke magana da sunan Allah. Duk wanda ya ce Ubangiji ya ce mini, a rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa, dattawan ikilisiya su riƙe. In ya cika, a gode wa Allah. In bai cika ba, ya tsaya a inda ya tsaya ya faɗa, ya ce na yi kuskure. Kada a karɓi ko dala a kan addu'ar mara lafiya, kada a ce wa kowa ya ajiye maganinsa, kada a kira sunan wata tsohuwa a ce ita ce mayya. Baƙon mai wa'azi kuma, kafin a miƙa masa makirufo a Damagaram, a tambaye shi wace ikilisiya ta aiko shi, wa zai amsa in ya yi ɓarna. Fastocin Zinder, tsofaffi da sababbi, wuta ta haɗa su a 2015. Su zauna tare a kan wannan tun babu abin da ya tilasta musu.